Allon yana nan, ƙofar kuwa an toshe ta tuntuni

Jiya a Agege wani ƙanena mai gyaran waya a Computer Village, kasuwar wayoyi da kwamfuta ta Ikeja a Legas, ya nuna min abin da ya ɓata masa rai. Yana amfani da wata manhaja ta kyauta, irin waɗanda kowa ke iya buɗe cikinsu ya gyara. In ya nemi "ƙasa" ba ta kawo komai sai ya rubuta "kasa". Ƙugiyar ƙ, ɗ da ɓ ce ba ta ganewa. Yaron nan ya yi niyyar alheri, ya karanta takardar da ta bayyana yadda ake kai rahoton tangarɗa, takardar ta tura shi wani shafi da ya daɗe da mutuwa. Ya gwada sau biyu, data ta tafi, ya haƙura.

Kullum ana cewa sababbin shiga ba su iya kai rahoto ba. To wa ya share musu hanya?

Simon Tatham, wanda ya ƙera PuTTY, manhajar shiga wata kwamfuta daga nesa, ya rubuta shawararsa kan wannan tun 1999, kuma gundarinta bai tsufa ba: faɗi abin da ka yi, abin da ka zata zai faru, da abin da ya faru. Wurin kaiwa ne ya sauya. Bugzilla, manhajar tattara rahotannin tangarɗa, ta fito a 1998, an rufe Google Code, shafin ajiye manhajoji, a 2016, masu kula da Python, yaren rubuta manhaja, su ma sun kwashe rahotanninsu zuwa GitHub, wani shafin irin wannan, a 2022. Amma takardu da yawa har yau suna magana kamar mai karatu na zaune gaban babbar kwamfuta, wuta ba ta ɗaukewa. Ƙanena a waya yake, cikin danfo, motar hayar Legas, tsakanin Ikeja da Agege. Takardar ba ta tambaye shi sigar Android ba, ba ta tambayi allon rubutun da yake amfani da shi ba, ba ta ce ya liƙa ainihin harafin maimakon hotonsa ba. A matsalarsa kuwa waɗannan ne komai, domin mai gyaran manhajar da ke zaune, misali, a Jamus ba shi da ƙ a allonsa, sai ya kwafa daga rahoton.

Akwai kuma abin da tsofaffin takardu ba su taɓa sani ba. Tun farkon 2024 Daniel Stenberg, mai kula da curl, manhajar aikawa da ɗauko bayanai a intanet, yake kukan rahotannin bogi da ƙirƙirarriyar basira ke rubutawa, Turanci tsaf, ciki fanko. Ya kamata takarda ta yau ta faɗa ƙarara: gurguwar Turancinka da matsala ta gaske sun fi mana.

Daren jiya muka zauna, na nemo masa inda suke karɓar rahoto yanzu, ya tura da haruffan nan uku. Ni kuma na tura gyaran takardar kanta, layi huɗu kacal. Nasa an amsa da safe. Nawa shiru har yanzu.