Ku mayar wa Kawu gorarsa

Tun da asibiti suka ce cutar Parkinson ce ke damun Kawu, gidanmu ya rabu biyu: a bar shi ya shiga ruwa ko a hana shi. Ni ina cikin 'yan a bar shi, kuma na sha baƙar magana a kai.

Mutumin nan a kogin Haɗeja ya girma, masunci ɗan masunci. Yau ko a zaune yake hannunsa na dama karkarwa yake, ƙoƙon kunu sai ya tallafe da hannu biyu, tafiya kuma da jan ƙafa. Amma ranar da ya faki ido ya faɗa ruwa, wallahi Kawun da na sani na gani. Likita ya ce karkarwar wannan ciwo ta fi tashi in gaɓa tana hutawa, in aka sa ta aiki sai ta lafa. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin ne ke mutuwa, ba sammu ba ne, ko da yake Inna ba ta fasa turare ba. Maganin levodopa sassautawa yake, ba ya warkarwa, motsa jiki kuwa ana son sa.

Tsoron su Yaya ba shirme ba ne. Mai ciwon nan yana cikin tafiya sai ƙafa ta ƙi ɗaguwa kamar an kafe ta, musamman in ƙarfin magani ya fara sauka. A tudu sai ka tsaya ta sake ka. A tsakiyar kogi fa?

To amma masu ƙetare tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa da iyo, wajen kilomita 33, tun daga Matthew Webb da ya fara ƙetarewa a 1875, garau suke amma jirgi na biye da su. Mu kwale-kwale ne ya gagare mu?

Ga abin da nake roƙo: ya shiga lokacin da magani ke aiki, gorarsa ta iyo ɗaure a ƙugu, yara biyu a kwale-kwale kusa da shi, ban da watan Agusta da kogi ke tumbatsa. Burinsa ya je wancan gaɓa ya dawo, ya riƙa ƙarawa.

Jiya na same shi a gindin darbejiya ya zuba wa ruwa ido, har na yi sallama biyu bai ji ba. Gorar tana ƙarƙashin gadon Inna. Bayan isha'i zan sake zuwa.