Da ransa "Baba mai karnuka", yau kuma "mun yi rashin uba"

Jiya bayan la'asar muka kai Baba mai lantarki makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Na dawo gida na kasa cin tuwo. Mutumin da ya haura shekara 75, ya sha jinya, kowa ya san tafiya ta kusa. Abin da ya tokare mini a ƙirji shi ne abin da na gani a ƙofar maƙabarta, kuma ku ƙannena na unguwa, ku kuka aikata shi.

Jan karen nan nasa, wanda ya tsufa har ƙafar baya ba ta ɗaukarsa sosai, ya biyo makara tun daga ƙofar gida. Bai kutsa cikin jama'a ba. Can gefen kwata yake tafe, da muka isa ya samu gindin katanga ya kwanta. Sai wani daga cikinku, ƙato mai gemu, ya ɗauki guntun bulo ya kwaɗa masa a haƙarƙari. Kare ya yi ƙara, kuka kwashe da dariya, ɗaya ya ɗaga waya yana ɗauka. A daidai lokacin ana jera itace a kan mai shi. Kafin isha'i na buɗe Facebook, sai ga ku ɗin nan kun ɗora hotonsa kuna cewa kun yi rashin uba. Yaushe ya zama ubanku?

Da ransa "Baba mai karnuka" kuke ce masa. In ya doso majalisarku da sandarsa sai ku fara ƙyafta wa juna ido. In ya zauna a kan benci wani ya miƙe yana kaɗe riga, wai kada najasa ta taɓa shi. In ya yi sallama, rabinku kai na kan waya, amsar ma a ciki take maƙalewa. Kunnensa na hagu ya daina ji, shi ma kun mai da shi abin wasa: a yi masa magana ƙasa-ƙasa, ya ce "Na'am?", a sheƙe da dariya. Ni ganau ne. Na yi muku magana sau biyu, kuka ce Yaya ya cika ɗaukar zafi.

Kun san inda kunnen nan ya tafi? A 1967, yana ƙasa da shekarun yawancinku, ya shiga soja. Yaƙin basasa ya ci wata 30, daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970. Yana cikin runduna ta biyu da Murtala Muhammed ya jagoranta, waɗanda suka yi ta ƙoƙarin haye kogin Kwara daga Asaba zuwa Anacha a cikin jiragen ruwa, aka yi asarar sojoji masu yawa. Ba ya son wannan labarin. Sau ɗaya ya ba ni, muna gyaran fankar masallaci, da ya zo kan abokinsa da ruwa ya ci sai ya yi shiru ya ce in miƙo masa filaya. Duk 15 ga Janairu ana bikin tunawa da 'yan mazan jiya, manya su ajiye furanni a talabijin. Ku kuwa ga naku ɗan mazan jiya a bakin layi, kuna kwaikwayon tafiyarsa.

Da ya ajiye kaki ya koyi aikin wuta, ya shiga NEPA, wadda aka kafa a 1972, ya yi ta hawa falwaya rana da damina har ya yi ritaya tun kafin a sauya mata suna zuwa PHCN a 2005. A tafin hannunsa na dama akwai tabon ƙuna fari fat. Testa ba ta rabuwa da aljihun gaban rigarsa. Ko kai ka rantse masa an ɗauke wuta, sai ya dangwala ta a kan waya ya duba da idonsa, yana cewa wuta ba ta san sabo ba. Wayarin ɗin masallacin da kuke shan iskar fanka a ciki shi ya yi, ko sisi bai karɓa ba. Gidajen zawarawa nawa ya shiga ya canza musu soket da kuɗin fanshonsa? Ku tambayi iyayenku mata.

Ga shi yanzu wasunku da suka yi wata uku a bayan wani oga sun sayi filaya sun zama injiniyoyi. A sa siririyar waya inda ya kamata a sa mai kauri, a cire fiyus a cusa ƙusa, a ja wuta ta ɓarauniyar hanya da tsakar dare, gobara ta tashi a ce ƙaddara. Mutumin da zai koya muku aikin kyauta yana zaune a kan dakali shekara da shekaru, ba wanda ya durƙusa ya ce Baba nuna mini. Yaro bai san wuta ba sai ya taka. Kuɗin caca a waya kuwa ba ya yi muku wuyar samu.

Sai batun karnukan, tunda nan kuka fake. Wa ya karantar da ku cewa jifar kare ibada ce? Shari'a ta halatta ajiye kare don gadi na dabbobi da gona da kuma farauta, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi kare mai rai ba najasa ba ne. Baba a bayan gida yake ajiye nasa, wajen garken awakinsa, da kwanonsu daban. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wani mutum ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Karen Ashabul Kahfi kuna karanta shi duk Juma'a. Wanda ya ce ba ya cikinmu wanda bai ji ƙan ƙaraminmu ba kuma bai san girman babbanmu ba, Annabi ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wannan ba ku haddace ba, sai kalmar najasa. Shekarar da ɓarayi suka addabi layinmu, haushin karnukan nan ne ya tashe mu, babur ɗin ɗayanku ya tsira. Da safe ya hau abinsa, ko sannu bai je ya ce ba.

Mu da muka taso, in dattijo ya doso sai a miƙe a karɓi kayan hannunsa. Ba ka isa ka wuce shi da takalmi kana taunar rake ba. In ka yi masa rashin kunya, maƙwabci ya zane ka, ka je gida a ƙara maka. A jana'iza kuwa ko tari mutum yake ji sai ya danne, kowa na tuna tasa ranar. Yau ana saka gawa a kabari ana gardamar ƙwallo, ana neman inda hoto zai fi fita. Ina iyaye? Ina malaman Islamiyya? Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya, kuma kowa ya daɗe zai ga daɗau. Ku ji tsoron Allah ku gyara. Akwai sauran tsofaffi a layin nan, ba su da yawa.

Da asuba na bi ta ƙofar gidan. Karen na kwance a inda Baba ke shimfiɗa buzunsa, gefen cikinsa ya kumbura. Na ajiye masa ɗumame da ruwa, ya shinshina ya kau da kai. Matar marigayin tana takaba, 'ya'yansa suna nesa, gobe za su koma. Na ce mata zan riƙa kawo masa abinci har Allah ya yi nasa ikon. Wanda ya yi jifar ya san kansa, kuma ya san ƙofar gidan.