Aikin koyar da ƙananan yara: Ingila da gida, abin da na gani

Masu tambayata ta WhatsApp ko ana samun kuɗi a aikin nazare a Ingila, bari in amsa a nan kowa ya gani don wallahi na gaji da maimaitawa. Ba a samun wani kuɗi. Ana dai samun na abinci da na haya idan mutum ya iya lallaɓawa, amma yawancin ma'aikatan nazare a nan albashinsu dab yake da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda a watan Afrilun 2025 aka mayar da shi fam 12.21 a awa ga wanda ya kai shekara 21. In kin lissafa na shekara bai wuce wajen fam dubu 25 ba, ita kuwa bizar ma'aikata albashin da take nema yanzu ya haura fam dubu 41. Don haka duk ejan ɗin da ya ce miki kawo kuɗi zai kai ki Ingila renon yara, 'yar uwa riƙe kuɗinki.

Amma duk da haka ina nan a kan bakana cewa Ingila ta fi mu nesa ba kusa ba, domin a nan aikin sana'a ce mai matakala, kin san inda kike kin san inda za ki. Yarinya za ta iya shigowa tana koyon aiki ana biyanta, ta samu satifiket na mataki na 2, ta yi na 3, daga nan a ba ta shugabancin ɗaki, in ta so ta yi digiri ta zama cikakkiyar malamar ƙananan yara ko manajar makaranta, ko kuma ta yi rajista ta buɗe nata a gidanta. Kafin ki taɓa ɗan kowa sai an binciki tarihinki ko kin taɓa aikata laifi. Kuma doka ta ƙayyade yawan yara, 'yan ƙasa da shekara 2 yara 3 ne ga babba 1, masu shekara 2 yara 5, daga shekara 3 yara 8, hukumar duba makarantu ta Ofsted na zuwa dubawa, in kun karya ku kuka sani. Wannan dokar ita ce ma ke samar da guraben aikin, tunda mai makaranta ba shi da damar tara yara ya bar wa mutum ɗaya. Ga shi tun Satumbar 2025 gwamnati ke biya wa iyaye masu aiki awa 30 a mako tun yaro yana wata 9, kullum neman ma'aikata ake.

Ɓangaren da ya fi burge ni shi ne makarantar daji. A 1993 wasu malaman renon yara daga kwalejin Bridgwater ta nan Ingila suka je Denmak suka ga yadda ake barin yara suna wuni a waje, suka dawo da tsarin, yanzu ya zama sana'a mai zaman kanta da kwas ɗinta na mataki na 3 da ƙungiyarta, Forest School Association, da aka kafa a 2012. Duk mako ana kwasar yara a kai su wani ɗan kurmi, ko ana ruwa ko ana sanyi, a sa musu rigar ruwa da takalmin roba, su hau bishiya su yi wasa da taɓo su ɗaga itace su ga tsutsa, har wuta ake hurawa a koya musu yadda ake zama kusa da ita. Mai jagorantar abin sai yana da horon agajin gaggawa da inshora da takardar da ya rubuta duk haɗarin da ke wurin. Wasu ma ba ma'aikatan kowa ba ne, makarantu ne ke ɗaukarsu haya yau nan gobe can.

Gaskiya abin har dariya yake ba ni wani lokacin, don abin da ake cike takardu a kai yaron ƙauyenmu kyauta yake samunsa. Yaro ɗan shekara 6 a can ya san kanya da magarya da aduwa, ya san gawo da damina yake zubar da ganye in sauran itatuwa suna kore, ya san in shamuwa ta iso ruwa ya kusa. Babu wanda ya ba kakarsa satifiket.

To amma mu daina yaudarar kanmu, yaran birni ba haka suke ba yanzu. Je ki nazare a cikin Kano ko Kaduna, gidan haya ne aka yanka ɗakuna, tsakar gida duk siminti ko bishiya ɗaya babu, yara cunkushe a ɗaki ana ta rera ABC, ɗan shekara 3 ana ba shi aikin gida. Ita kuma anti galibi yarinya ce da ta gama sakandare tana jiran a ba ta gurbin karatu ko tana jiran aure, abin da ake biyanta ko kuɗin adaidaita ba ya isa, wata uku huɗu ta tafi a kawo wata. Ba laifinta ba ne, babu wanda zai zauna a aikin da ba gaba.

Kuma fa a takarda muna da kusan komai. Kwalejojin ilimi da dama suna ba da NCE a fannin ilimin ƙananan yara, akwai TRCN tun 1993 mai yi wa malamai rajista, dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara a ciki. Ƙungiyar malamai ta NUT tana nan tun 1931 amma ƙarfinta a makarantun gwamnati yake. Masu makarantun kuɗi suna da ƙungiyarsu NAPPS da ake jin muryarta, ita anti wa take da shi? A nan Ingila ma kar in zuzuta, ƙungiyoyin wannan fanni su Early Years Alliance da NDNA sun fi karkata ga masu makarantu, kuma duk surutunsu albashi bai tashi ba har yau. Sai dai ta wurinsu kike samun kwasa-kwasai masu araha, da tallan guraben aiki, da wanda zai yi magana da gwamnati in za a canza doka, kuma satifiket ɗinki duk garin da kika koma an san darajarsa. Wannan ne nake so mu ɗauka, ba rigar ruwa ba.

Na san wani zai ce wane daji ana fama da 'yan bindiga. Haka ne, ba mai hankalin da zai ce a kwashi yara a nufi Falgore. Amma tsamiya ɗaya a harabar makaranta da ɗan lambun zogale da yakuwa da kaji biyu sun isa a fara, sai a riƙa kai su gidan zu ko wurin masu renon dashen itatuwa lokaci lokaci. Masu NCE a wannan fanni da ke zaune a gida ku haɗu a garinku ko da ku goma ne, ku riƙa zama duk wata kuna koya wa juna, ku tsayar da abin da ba za ku karɓi ƙasa da shi ba, ku nemo malaman gandun daji su koya muku itatuwa.

Inda za ku sha wuya iyaye ne. Uwa ta biya kuɗin makaranta so take yaro ya dawo yana Turanci da farar safa, ranar da ya dawo da ƙasa a gwiwa da ganyen zogale a aljihu washegari tana ofishin mai makaranta, shi kuma mai makaranta bayan mai biya yake bi.