Turancin da muka haddace da wanda ake yi a Manchester

Ɗalibin da ya ci Turanci a WAEC, ya kuma tsallake IELTS, jarrabawar gwajin Turanci ta masu fita waje, zai iya sauka a Manchester ya kwana biyu bai gane abin da mai kanti ke gaya masa ba. A gida an raine mu a kan cewa gwanin Turanci shi ne mai manyan kalmomi, wanda in ya miƙe a muhawarar makaranta zai jefo kalmar da alƙalan gasar ma sai sun kalli juna, 'yan aji su ɗau tafi. A nan kuwa, a cikin bas, a asibiti, a wurin aiki, ƙananan kalmomi ke jan ragamar zance: "get", "put", "take", "come". A liƙa wa ɗayansu "up" ko "off" ko "out", shi ke nan ma'ana ta sauya gida.

Mu mun haddace "postpone", Bature "put off" zai ce. Mun san "extinguish", shi "put out". Mun iya "tolerate", shi kuma "put up with". Abin yana da asali. Bayan da Normandawa suka ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, Latin na coci da malamai, talaka ya ci gaba da gajerun kalmominsa na gado. Har yau Turanci da wannan rabon yake tafiya: dogayen kalmomi a takarda, gajeru a baki. Mu kuwa ta takarda harshen ya zo mana, ta hanyar makarantun boko, saboda haka ɓangaren takardar muka gada. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi karatu da Faransanci su ma haka: "continue" ba ta ba su wahala, don suna da irinta, amma a ce musu "carry on" sai su tsaya.

Inda abin ya fi ciwo shi ne wajen aikin jinya, inda namu da yawa suke. Abokiyar aiki za ta wuce da sauri ta ce, "Can you pop in and check on her? She threw up and nearly passed out." Babu kalma ɗaya a ciki da ɗan firamare bai taɓa ji ba. Amma sabuwar ma'aikaciya daga gida "vomit" da "faint" ta sani, kuma a kunnenta "passing out" bikin gama bautar ƙasa ne, da fareti da farar riga. Nan kuwa cewa aka yi tsohuwa ta yi amai, ta kusa suma, a leƙa a duba ta. Kafin ta gama lissafi, waccan ta sha kwana. Tambaya kuma nauyi take mata, don a ganinta wadda ta zo da digiri bai kamata ta tambayi ma'anar "pop in" ba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke ɗaukar wannan salon kamar wata mugunta ce Turawa suka ƙirƙiro. Bahaushe fa? Ka ɗauki "ci" kawai. Ana cin tuwo, ana cin amana, ana cin bashi, ana cin mutunci, ana cin kasuwa, ana ci gaba. A "sha" akwai shan iska, shan wahala, shan alwashi, shan kaye. Baƙon da ya haddace cewa "ci" sa abinci ne a baki, ranar da aka ce masa wane ya ci zaɓe sai ya buɗe baki. Kuma babu yaron Kano da ya koyi "cin amana" daga jeri a allo. A bakin gwaggonsa ya ji, ranar da ranta ya ɓace.

Shi ya sa ban yarda da dogayen jerin nan da ake turawa a WhatsApp ba, kalma ga ma'ana, kalma ga ma'ana, har yatsa ya gaji da ja. "Pick up" kaɗai tana nufin ɗaukar abu daga ƙasa, ɗauko yaro daga makaranta, amsa waya, kamuwa da mura, ko kasuwa ta farfaɗo. Wace za ka haddace? Gara a ɗauki yanayi ɗaya, a ce shiga mota, a koyi jimlolinsa cikakku: "get on", "get off", "drop me off", "top up". Malaman Turanci na gida, don Allah ku riƙa yin haka ko sau ɗaya a mako.

Ba kuma ina cewa a raina Turancin Najeriya ba ne. A Janairun 2020 ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancinmu, ciki har da "Kannywood", "okada", "next tomorrow" da "put to bed". Wato an yarda harshe ne mai zaman kansa. Sai dai naira ce, ba ta sayen burodi a Manchester. Ka gaya wa shugabar aikinka matarka ta "put to bed", kana nufin ta haihu, ita kwantar da yaro barci za ta fahimta, ta rasa dalilin da kake neman hutu. Ka ce "I'm coming" kana fita, su bi bayanka da kallo.

Manyan kalmomin ma ba asara aka yi ba. Wasiƙar hukuma da ta mai gidan haya da "commence" da "terminate" suke zuwa, kuma nan namu sukan fi wasu 'yan ƙasar saurin ganewa. Na sha karanta wa maƙwabcina Bature irin wannan takarda, in gama ya ce mini "cheers, mate". A garinmu wannan kalmar ta masu ɗaga kofi ce, nan kuwa na gode kawai take nufi.