Haɗarin yana bakin ƙofa

Ɗan yayata ya kira ni daga Maraɗi cikin dare. Shekara uku yana tara kuɗi daga shagonsa na kayan waya, yanzu kuma yana so ya zo Turai ya kalli wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai da idonsa. Ya ce, "Kawu, don Allah ka yi wa Inna magana ta bar ni." Kafin in buɗe baki Yaya ta karɓe wayar ta jero mini abubuwan da ke hana ta barci: 'yan ta'adda, sanyi, naman alade a cikin abinci, da babbansu, kada yaron ya ga Turai ya ƙi komawa gida. Ina jin muryarsa daga bayanta yana cewa ai Turai ce, komai a tsare yake, ba irin filayenmu ba.

Na fi shekara goma a wata unguwa da ke arewacin Paris, kuma jirgin ƙasan da nake shiga zuwa aiki yana ratsa Saint-Denis, inda filin wasan Stade de France yake. Shi ya sa na ce musu su biyun duk ba su taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi ba. Abin da na fi tsoro ga mai zuwa babban wasa shi ne ɗan tsakanin nan daga tashar jirgi zuwa ƙofar shiga, da mintunan da ake fitowa bayan an tashi.

Ranar 28 ga Mayu 2022 aka buga wasan ƙarshe tsakanin Liverpool da Real Madrid a wannan filin. Da a Saint Petersburg ta Rasha za a yi shi, sai Rasha ta afka wa Yukiren a watan Fabrairu, aka maido shi Paris cikin gaggawa. Ban je ba, a gida na kalla, amma na san hanyoyin wurin kamar yunwar cikina. A ranar ma'aikatan layin jirgi na RER B suna yajin aiki, don haka dubban magoya bayan Liverpool suka bi ta layin RER D. Wanda ya sauka a wannan tashar sai ya bi ta wata ƙuntatacciyar hanya a ƙarƙashin babban titi kafin ya kai wurin duba tikiti na farko, ga motocin 'yan sanda an jera sun ƙara matse wurin. Mutanen da suka iso sa'o'i kafin wasa, da tikitinsu na gaske a hannu, suka tsaya cak. Na baya na turowa don ba su san abin da ke faruwa a gaba ba, na gaba kuma ba su da wurin motsi. Aka riƙa rufe wasu ƙofofin, wasu samarin gari suka fara haura shinge, 'yan sanda suka saki borkonon tsohuwa a kan taron da ke da yara da tsofaffi da masu keken guragu. Wasan da ya kamata a fara ƙarfe 9 na dare sai da aka jinkirta shi da minti 36. Bayan an tashi kuma ɓarayi suka tare mutane a hanyar tasha, suna fizgar waya da jaka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka yi saurin neman wanda za a ɗora wa laifi. Tun kafin a take ƙwallo aka rubuta a allon filin cewa 'yan kallo ne suka makara. Ministan cikin gida na lokacin, Gérald Darmanin, ya ce mutum 30,000 zuwa 40,000 ne suka zo da tikitin jabu ko babu tikiti sam. Hotunan kyamarorin filin ma suka goge da kansu bayan kwana 7 saboda ba a nemi a ajiye su a kan lokaci ba. Sai a watan Yuli majalisar dattawan Faransa ta ce ba laifin magoya baya ba ne, sannan a Fabrairun 2023 kwamitin bincike mai zaman kansa ya ce UEFA, hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, ce ke ɗauke da babban alhaki, kuma abin mamaki ne da ba a rasa rai ba. Wannan fa a Faransa ne, a filin da aka gina don Gasar Kofin Duniya ta 1998.

Wata huɗu kafin nan, ranar 24 ga Janairu 2022, an yi irinsa a Yawunde. Kamaru za ta buga da Komoros a Gasar Kofin Afirka, a sabon filin Olembe mai cin mutum 60,000. Jama'a suka taru a ƙofar kudu, ƙofar da ya kamata ta kasance a buɗe tana rufe, kamar yadda shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, Patrice Motsepe ya faɗa da bakinsa washegari. Mutum 8 suka mutu, 38 suka ji rauni. A nan inda nake zaune na ji yadda aka yi ta maganar a lokacin, ana kaɗa kai, ana cewa Afirka ke nan. Da abin ya zo ƙofar gidan Turawa, ciwon bai sake kama ba: hanya ɗaya ƙuntatacciya, ƙofa a rufe, jami'an da suka ɗauki 'yan kallo abokan gaba.

Ba ina cewa babu bambanci ba. Akwai, kuma babba. A Paris ba a binne kowa ba, a Olembe an binne 8. Wani ɓangare na dalilin shi ne magoya bayan Liverpool sun taso da labarin filin wasan Hillsborough na Ingila, inda cunkoson ranar 15 ga Afrilu 1989 ya ci rayukan 'yan uwansu 97, don haka sun san kada su yi turo, sun riƙa kwantar da juna suna ɗaga yara sama. Sannan a Turai motar asibiti tana kusa, kuma iyalan mamata suna iya riƙe shari'a har ta kai. Na Hillsborough sun yi shekara 27 kafin a 2016 a tabbatar cewa sakacin hukuma ne ya kashe mutanensu. Kwatanta da Akara. Ranar 9 ga Mayu 2001, Hearts of Oak ta ci Asante Kotoko 2 da 1, 'yan kallo suka fara jifa da kujeru da kwalabe, 'yan sanda suka harba borkonon tsohuwa cikin rumfa, mutane suka kwararo kan matakala suka tarar da ƙofofi a garƙame. Mutum 126 suka tafi, da yawansu 'yan unguwannin zango irin su Nima. An gurfanar da jami'an 'yan sanda 6, kotu ta sallame su duka. Duk wanda ke da dangi a zangon Akara ya san har yau ba a daina ambaton wannan rana ba.

Dokokin FIFA sun hana amfani da borkonon tsohuwa a cikin fili. Hakan bai hana a harba shi a filin Kanjuruhan na Indunusiya ranar 1 ga Oktoba 2022 ba, inda mutum 135 suka mutu. A Miami ma, a wasan ƙarshe na Copa América, gasar ƙasashen nahiyar Amurka, a Yulin 2024, sai da aka jinkirta wasa fiye da awa guda saboda cunkoso a ƙofofi, mutane na suma a cikin zafi.

Mu Hausawa bai kamata a yi mana dogon bayani kan turmutsutsu ba. Wanda bai rasa nasa a Mina a 2015 ba, ya san gidan da aka yi zaman makoki. Amma har yanzu akwai kuskuren da muke yi a fahimtarsa. Muna ɗauka tattake mutum ake yi, shi ya sa jarumi ke ganin in dai yana tsaye da ƙafarsa ba abin da zai same shi. Alhali da yawa a tsaye suke cikawa. Idan jiki ya matsu ta gaba da ta baya, ƙirji ba ya samun wurin buɗewa, numfashi ya ɗauke, a 'yan mintuna mutum ya sume ba tare da ya faɗi ƙasa ba. Ƙarfi ba ya aiki a nan, ko kai ne ka ɗauki takobi a kokowar bana. Alamar da nake duba wa kaina ita ce: in na kasa ɗaga hannu in taɓa fuskata, ko na ji taron yana kaɗa ni kamar ruwa ba da son raina ba, to wasan ya ƙare a wurina, sai neman gefe. A ɗaga hannu biyu a gaban ƙirji kamar ɗan dambe, kada a yi gardama da igiyar mutane, a riƙa zamewa ta gefe a duk lokacin da aka ɗan sami sarari. Abin da ya faɗi kuwa ya faɗi. Ni kaina na taɓa barin takalmi ƙafa ɗaya a ƙofar wani fili, na koma gida a jirgi da safa, mutane na kallona. Da na sunkuya ɗaukarsa wataƙila wani ne zai ba da labarin. Kuma don Allah a bar babbar riga a masauki. Tana da kyau a hoto, amma hannunta yana maƙalewa a shinge.

Maganar lafiya kuma a nan ne mutanenmu suka fi yin arha da kansu. Mai neman bizar Schengen, wadda ake shiga Faransa da yawancin ƙasashen Turai da ita, dole ya nuna inshorar da za ta biya aƙalla yuro 30,000, kusan sefa miliyan 20. Yawancinmu takarda ce kawai muke saya don ofishin jakadanci ya gani, ba mu karanta abin da ke ciki, ba mu ma ajiye lambar da ake kira. Na taɓa sauke wani baƙo da ya zo kallon wasa, ciwon ciki ya kama shi cikin dare, aka kwantar da shi kwana biyu. An kula da shi sosai, ba wanda ya tambaye shi kuɗi kafin a taɓa shi, wannan kam na yaba. Amma da takardar biya ta iso, ta fi kuɗin jirginsa zuwa da komawa, kuma sai a lokacin muka gano inshorarsa ba ta ɗaukar ciwon da mutum ya zo da shi daga gida. A gida ka san likita, ka san mai kemis, in abu ya yi tsanani dangi su yi karo-karo kafin azahar. A nan lamba ce za ka kira, 112 a ko'ina cikin Tarayyar Turai, sannan ka iya faɗin inda kake da abin da ke damunka cikin harshen da za a gane. Mai hawan jini ko ciwon suga ya taho da maganinsa a cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita. Ƙwayoyin da ake saye a bakin tasha a ƙulla a leda, musamman tiramadol da kodin, a ƙasashen Larabawa na yankin Gulf suna iya kai mutum kurkuku tun daga filin jirgi. Mai zuwa gasa a Kamaru ko Kodebuwa kuwa kada ya manta katin rigakafin shawara.

Sai zafi, wanda muke yi wa kallon raini. Mutumin Maraɗi zai ce maka shi da ya sha ranar watan Afrilu wace rana ce za ta ba shi tsoro. To a gida da rana ta take kana ƙarƙashin rumfa da randa kusa da kai. Ba ka tsaya awa uku a kan siminti cikin dubban mutane ba, an karɓe maka gorar ruwa a wurin bincike, kana jin kunyar fita layi don kada wurinka ya tafi. Saboda zafi aka ɗage Gasar Kofin Duniya ta Katar daga watannin Yuni da Yuli zuwa Nuwamba da Disamban 2022, kuma a Hajjin 2024 sama da mutum 1,300 suka rasu, akasarinsu saboda zafi, cikinsu har da waɗanda aka haifa a ƙasashe masu rana irin tamu.

Duk da haka ban goyi bayan Yaya a kan hana shi ba. Yaro ya yi guminsa, kuma akwai abin da talabijin ba ta iya kawowa, irin ƙarar da ke tashi lokacin da mutum 70,000 suka miƙe a tare. Sharuɗɗa na gindaya masa. Tikiti daga hukumar da ta shirya wasan kawai, ban da na hannun wani a Facebook ko a bakin tasha. Za mu je filin kwana ɗaya kafin wasa mu taka hanyar da ƙafa, mu ga ƙofarsa, mu ga wata hanyar ta biyu. Ranar wasa za mu isa da awa uku, in an tashi kuma mu zauna a kujerunmu har rumfa ta yi sauƙi, ko da jirgin farko zai wuce mu. Lambata da adireshin gidana za su kasance a rubuce a takarda cikin aljihunsa, don waya tana mutuwa ko a fizge ta.

Ya ce duk ya yarda, sai dai maganar zama bayan an tashi, wai idan ƙungiyarsa ta ci yana so ya bi jama'a waje a yi murna. Na ce ya turo mini hoton takardar inshorar tukuna, shafi na biyu, inda ƙananan rubutun suke. Yaya ta sake karɓar wayar ta ce, "To naman aladen fa?" Na ce mata akwai mahautan halal uku a layinmu, ɗaya ma ɗan Tawa ne.