Karrama masu shirya gasar sunuka da biliyad: da wane mudu za a auna su?

Duk mai bibiyar wasan sunuka ya san labarin daren da Dennis Taylor ya doke Steve Davis a wasan ƙarshe na gasar duniya ta 1985, lokacin da aka yi turmi 35 cur, magana ta dawo kan baƙar ƙwallo ta ƙarshe, mutum miliyan 18.5 a Birtaniya suka ƙi kwanciya har bayan sha biyun dare suna kallon tashar BBC. Har yau ana tuna ƙaton tabaran Taylor, ana tuna yadda fuskar Davis ta yi fari fat bayan da ya zubar da damarsa. Abin da ba kasafai ake tambaya ba shi ne wanda ya kai gasar wannan zaure na Crucible da ke Sheffield tun da farko, wanda ya sa hannu a takardar haya, wanda kuma aljihunsa ne zai yi kuka da kujerun sun kwana babu kowa. Sunansa Mike Watterson, kuma a daren da ake wancan shagali ya yi kimanin shekara biyu da aka raba shi da gasar.

Gasar 1976 an yi ta ne a rarrabe tsakanin Middlesbrough da Manchester, cikin shiri mai tangal-tangal da ya jawo ƙorafi daga 'yan wasa. Watterson, ɗan kasuwa daga Chesterfield wanda shi ma ya iya riƙe sanda, ya ji labarin Crucible ne daga bakin matarsa, wadda ta je kallon wasan kwaikwayo a can ta dawo ta ce masa wurin ya dace da sunuka, domin 'yan kallo sun kewaye dandamalin ta gefe uku kuma babu wanda ya yi nisa da shi. Ya kama hayar zauren, ya tsaya a kan kuɗin kyauta fam 17,000, aka buga gasar 1977, John Spencer ya doke Cliff Thorburn ya tafi da fam 6,000. Tun daga wannan shekara gasar ba ta sake barin zauren ba. Da wasan ya fara kawo kuɗi sosai, hukumar 'yan wasa ta WPBSA ta ga cewa za ta iya shirya gasanninta da kanta, sai aka yi masa sakiyar da ba ruwa a 1983. Ya rasu a 2019.

Ina cikin masu ganin cewa irin waɗannan mutane sun cancanci a karrama su kamar yadda ake karrama zakaru, amma ba kowa da kowa ba, kuma ba don girman kuɗin da mutum ya ambata a taron manema labarai ba. Dalilin farko yana cikin yanayin wasan kansa. Sunuka da biliyad wasanni ne na shiru, masu ƙananan ƙwallaye, waɗanda ba a iya kallonsu daga nesa, saboda haka babu filin mutum dubu hamsin da za a cika a sami kuɗin ƙofa. Crucible kujera 980 gare shi, alhali zakaran duniya na 2025 ya karɓi fam 500,000. Ko ba a ɗauko alƙalami ba, an san cewa tikiti kaɗai ba zai biya wannan ba, sai an sami wanda zai shawo kan gidan talabijin, ya shawo kan kamfanin da zai ɗauki nauyi, sannan ya haɗa su da 'yan wasa a rana ɗaya a wuri ɗaya.

Aikin kuma ba a ofis yake ƙarewa ba. Teburin sunuka ƙafa 12 ne a tsaye, 6 a kwance, an yi gadonsa da falalen dutse biyar, nauyinsa ya haura tan guda, kuma guntu-guntu ake shigo da shi zaure a harhaɗa, a daidaita shi har sai ƙwallo ta daina karkata ko da kaurin gashi, a ja ƙyallen a ɗaure shi tamau, a kunna ɗumi a ƙarƙashinsa don kada danshi ya rage wa ƙwallo gudu. A Crucible tebur biyu ake kafawa da shamaki a tsakaninsu, sai an kai wasan kusa da na ƙarshe a kwashe su cikin dare a kafa guda ɗaya a tsakiya, kuma haka ake ta fama har kwana 17. Idan komai ya tafi daidai babu wanda zai lura, idan kuwa ƙwallo ta goce sau ɗaya a gaban kyamara, sunan mai shiri ne za a fara kira.

Tarihin wasan ma ya nuna cewa duk wani tsalle da ya yi, akwai wanda ya tsaya a bayan labule. Gasar duniya ta farko a 1927 Joe Davis ne ya matsa aka yi ta, tare da Bill Camkin, mai sayar da kayan biliyad a Birmingham, kuma a zauren Camkin ɗin aka buga wasan ƙarshe. Daga kuɗin rajistar 'yan wasa aka sayi kofin, wanda shi ne ake ɗagawa har yau, Davis kuma ya tashi da fam shida da sule goma. Kowa ya san Davis, wanda ya riƙe kambun sau 15, amma sai mai tono ne ya san Camkin. A 1969, lokacin da David Attenborough, ɗaya daga shugabannin BBC a wancan zamani, ke neman shirin da zai nuna amfanin talabijin mai launi a tashar BBC ta biyu, aka ƙirƙiro shirin Pot Black, wasan da ya kusa mutuwa ya farfaɗo. Kamfanin taba na Embassy ya ɗauki nauyin gasar duniya daga 1976 zuwa 2005, da doka ta hana tallar taba kuwa sai wasan ya shiga halin ni 'yasu, har ya kai ga cewa a kakar 2009 zuwa 2010 manyan gasanni shida kacal suka rage, jimillar kuɗin kyauta kuma kimanin fam miliyan uku da rabi.

A nan ne Barry Hearn ya shigo. Akanta ne da ya fara da kula da gidajen sunuka a shekarun 1970, ya gano Steve Davis yana matashi a Romford, ya kafa kamfanin Matchroom a 1982. A 2010 'yan wasa suka kaɗa ƙuri'a, da ƙyar ya sha, aka miƙa masa ragamar kasuwancin wasan, cikin shekara goma kuɗin kyauta ya ninka fiye da sau uku, gasanni suka bazu zuwa Jamus da Sin da wasu ƙasashe. Shi ne kuma ya ƙirƙiro gasar Mosconi a 1994, wadda ke haɗa tawagar Turai da ta Amurka a wasan ful (nau'in biliyad da aka fi bugawa a Amurka) mai ƙwallo tara, ya cusa wa wasan da aka saba yi cikin nutsuwa ihu da kiɗa da tutoci. Ni dai ban cika son hayaniyar ba, amma ba zan musa cewa ita ce ta sa ake sayar da dubban tikiti don kallon wasan da a da ake yi a ɗakin otal ba.

Labarin Amurka ya fi burge ni, saboda a can ba a taɓa samun gidan talabijin na ƙasa da ya rungumi wasan kamar yadda BBC ta yi wa sunuka ba, mutane ɗaiɗaiku ne suka yi ta rarrafe da shi. A 1961 wasu 'yan'uwa biyu, George da Paulie Jansco, suka fara tara gwanayen ful a Johnston City, wani ɗan ƙaramin garin haƙar kwal a kudancin jihar Illinois, inda mutanen da suka saba ɓoye gwanintarsu don cin kuɗin caca suka fito fili suka kara da juna a karon farko, aka ci gaba da haka har 1972, shekarar da jami'an gwamnatin tarayya suka kai samame wurin. Barry Behrman ya fara gasar US Open a 1976 a gidan wasansa da ke Norfolk ta jihar Virginia da 'yan wasa 16, Mike Sigel ya lashe ta, Behrman kuma ya ci gaba da shirya ta shekara 40 har rasuwarsa a 2016. Greg Sullivan, mai kamfanin tebura na Diamond, ya kafa gasar Derby City a 1999 don ya maido da abin da aka rasa a Johnston City, kwana tara ana fafatawa a nau'i uku na wasan, kuma kowane mai sha'awa yana iya biyan kuɗin shiga ƙuri'a ta haɗa shi da zakaran duniya.

Mai ja da wannan ra'ayi yana da abin faɗa, kuma bai kamata a toshe masa baki ba. Zai ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: ɗan wasa ne ke kwashe awa shida ko takwas a rana yana sunkuye a kan tebur tun yana yaro, shi ke biyan kuɗin jirgi da masauki daga aljihunsa, ya tafi wata ƙasa a fitar da shi a zagayen farko ya dawo hannu rabbana, mai shiri kuwa ya riga ya cire ribarsa, to wace lambar yabo kuma yake nema? A farkon mulkin Hearn manyan 'yan wasa, ciki har da Ronnie O'Sullivan, sun fito fili sun koka kan yawan ƙananan gasanni da abin da ake kashewa wajen zuwa ya fi abin da ake samu. Ƙorafin yana da tushe.

Akwai ma misalin da ya fi wannan ɗaci. A 2005 Kevin Trudeau, wani mai tallar kaya a talabijin, ya kafa jerin gasanni na IPT da alkawarin kuɗin da ba a taɓa jin irinsu ba a wasan ful, har wasu 'yan wasa suka ajiye abin da suke yi suka bi shi. A 2006 a birnin Reno, Efren Reyes na Filifin ya doke Rodney Morris ya ci dala 500,000, sai dai biyan kuɗin gasar ya yi ta jan ƙafa, gasar da za ta biyo baya ta sha ruwa, abin ya watse tun bai yi shekara biyu cikakku ba. A 2014 kotu ta yanke wa Trudeau ɗaurin shekara goma a kan wata shari'a ta daban da ta shafi tallar wani littafinsa. Da a ce da girman alkawari ake auna mai shiri, da babu wanda ya kama ƙafarsa.

Wannan misali shi ne ya ba mu mudun. Tambaya ta farko da ya kamata masu zaɓe su yi ita ce ko mutumin ya biya 'yan wasa abin da ya yi musu alkawari, kuma a kan kari. Ta biyu ita ce ko abin da ya gina ya tsaya da ƙafarsa bayan ɗokin farko ya wuce, har ya rayu bayan shi. Cin riba ba laifi ba ne, hasali ma gasar da ba ta kawo riba ba ta daɗewa, kuma wanda ya jingine dukiyarsa a shekarar da babu tabbas yana da haƙƙin cin moriya a shekarar da ta yi kyau. Amma riba sakamakon kasuwa ce, karramawa kuwa shaida ce da wasan ke bayarwa cewa mutum ya bar shi fiye da yadda ya same shi, kuma 'yan wasan da suka karɓi kuɗi ko suka bi bashi a hannunsa su ne suka fi cancantar a saurara kafin a ba da wannan shaida.

Da wannan mudu ne nake ganin ya kamata a yi haƙuri kafin a fara rataya wa masu sabon kuɗi lambobi. A 2024 an buga gasar duniya ta ful a Jidda da kyautar dala miliyan ɗaya, Fedor Gorst ya ɗauki 250,000 daga ciki, a Riyad kuma aka ƙara wa sunuka ƙwallon zinariya don jan hankali. Kuɗin na gaske ne, 'yan wasa kuma sun ji daɗinsu, sai dai shekaru kaɗan ba su isa a yanke hukunci ba. A kwatanta da Sin, inda tun nasarar Ding Junhui a gasar Beijing ta 2005 aka yi ta buɗe makarantun horarwa da gidajen wasa da shirya gasanni shekara bayan shekara, har Zhao Xintong ya zama zakaran duniya a 2025. Can an ga abin da aikin shekara ashirin ya haifar.

Ƙungiyar biliyad ta Amurka, BCA, ta riga kowa fahimtar wannan batu, domin kundin gwarzayenta da ta buɗe a 1966 yana da sashe na musamman na waɗanda suka yi wa wasan hidima ba da sanda ba, kuma ta nan Hearn ya shiga a 2013, Sullivan ma ya biyo baya. Matsalar ita ce irin wannan karramawa takan zo a makare, wani lokaci sai bayan mutum ya kwanta dama, 'ya'yansa su hau mumbari su karɓi allo. A sunuka kuwa an sa wa kofuna sunayen Ray Reardon da Alex Higgins da Stephen Hendry da Steve Davis da Paul Hunter, an ma sa wa guda sunan ɗan jarida kuma mai sharhi Clive Everton a 2022, wanda ya nuna cewa ƙofar ba ta 'yan wasa kaɗai ba ce. Da za a tambaye ni, kofin gasar zakarun Birtaniya sunan Watterson ya dace da shi, tunda shi ne ya ƙirƙiro ta a 1977, watanni kaɗan bayan ya buɗe ƙofar Crucible, ya kai ta Blackpool, inda Patsy Fagan ya lashe ta ya karɓi fam 2,000.