Ina ruwan 'yar aji ɗaya da dusar ƙanƙara?

Jiya na saka hoton wani littafi. Littafin da makaranta ta sa muka saya wa 'yata ke nan, wai da shi za ta koyi karatu. Yara sun naɗe wuya da mayafi suna wasa cikin dusar ƙanƙara, shafi na gaba ganye ja yana zuba daga wata bishiya da ko ni ban san sunanta ba. Na nuna mata farin abin nan na ce mene ne? Ta ce, "Baba, garin tuwo ne." Wallahi raina ya ɓaci, kuma ba da ita ba.

Yaro yana kama karatu ne idan hoton ya kira kalmar da ke bakinsa tun kafin ya san harafi. Ya ga hadari ya haɗu, ya ce hadari, sai malama ta nuna masa ha, da, ri. Shi ke nan, ƙofa ta buɗe. To yarinyar da ba ta san abin da ke hoton ba, ba ta san harshen littafin ba, wato Turanci, ga kuma baƙaƙe, kaya uku kuka ɗora mata a ka. Me ya rage mata in ba hadda ba?

Mu ba mu da lokutan shekara ne? Shamuwa ta sauka a bazara, kowane yaro ya san ruwa ya kusa. Damina ga kwaɗi, ga gasasshiyar masara. Kaka ga damman gero, ga yara suna roron gyaɗa. Hunturu ga hazo, ga faso, ga jin wuta da asuba. Littafi guda ke nan cif, kuma yaran sun riga sun san rabinsa.

An ce min ai gara ta san duniya. Za ta sani, in ta iya karatu. An ce Turanci ake jarrabawa da shi. Wanda ya iya haɗa baƙi da Hausa ba ya sake koyon haɗawa, harshen kawai zai ƙara.

In hotunan irin wannan littafi ne, ga masu zane birjik a Kano da Zariya, aiki suke nema.